Sarkin St. Pauli da hanyar da ta ratsa Shagari da Boɗinga

Sama da shekaru 50 ke nan masu shirya fina-finai da wasannin kwaikwayo na talabijin a Jamus suke komawa wata unguwa guda ta birnin Hamburg domin ba da labarin karuwanci da kisan kai da cinikin mata. Wasu daga cikin matan da ake magana a kansu 'yan Najeriya ne, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da ake bi da su ta ratsa jihar Sakkwato.

A cikin watan Janairun 1998 gidan talabijin mai zaman kansa na Sat.1 ya gabatar da wani wasan kwaikwayo mai kashi shida da aka laƙaba wa suna Der König von St. Pauli, wato Sarkin St. Pauli. Miliyoyin Jamusawa ne suka riƙa zama gaban akwatunansu domin bin labarin, wanda Dieter Wedel ya rubuta kuma ya ba da umarni. Labarin ya shafi wani dattijo mai suna Rudi Kranzow, mai wani gidan rawa a unguwar, wanda caca ta jefa shi cikin bashi. Bayan wani hari da ya kusa halaka shi, sai ɗansa Robert, wanda ke karatu a birnin Munich kuma bai san komai game da rayuwar unguwar ba, ya zo domin ya kula da mahaifinsa. Sannu a hankali saurayin ya gane cewa ba 'yan dabar titi ne kaɗai ke farautar gidan ba. A bayansu akwai attajirai masu cinikin filaye da lauyoyinsu, waɗanda ke son ƙwace wurin ko ta halin ƙaƙa, kuma ba sa jin nauyin ɗaukar hayar mai kisa.

Wannan shi ne abin da ya bambanta wasan da sauran irinsa. Mai kallo yakan shigo da zaton cewa zai ga lalatattun mata da mashaya, amma kafin a kai ƙarshe sai ya tarar an karkatar da hankalinsa ga masu cin ribar lamarin, waɗanda ke sanye da kwat suna zaune a ofisoshi masu tsabta.

Wace unguwa ce St. Pauli?

St. Pauli tana bakin kogin Elbe ne, daura da tashar jiragen ruwa ta Hamburg, wadda ita ce mafi girma a ƙasar Jamus. Babban titin unguwar shi ne Reeperbahn, mai tsawon kimanin mita 930. Sunan ya samo asali ne daga masu tufkar igiyar jiragen ruwa, waɗanda suke buƙatar dogon fili miƙaƙƙe domin aikinsu. A zamanin da unguwar tana wajen ganuwar birni, saboda haka duk wata sana'a da mahukunta ba sa so a cikin gari sai a tura ta can. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya san yadda Sabon Gari ya tashi a wajen badalar Kano ko ta Zariya.

Da yake matuƙan jiragen ruwa kan sauka da kuɗin watanni a aljihu, sai mashaya da gidajen rawa da na karuwai suka yawaita. Jamusawa na kiran irin wannan wuri unguwar jar fitila, saboda fitilun da ake kunnawa a ƙofofin gidajen. Akwai wani ɗan gajeren lungu mai suna Herbertstraße inda mata ke zama a bayan tagogi, kuma tun 1933, a zamanin mulkin 'yan Nazi, aka kakkafa shingaye a bakinsa domin kare shi daga idon masu wucewa. A 1967 wani ɗan kasuwa mai suna Willi Bartels ya buɗe wani katafaren gidan karuwai da ake kira Eros-Center, kuma shi ne mutumin da jaridu suka daɗe suna yi wa laƙabi da Sarkin St. Pauli. A tsakiyar unguwar kuwa ofishin 'yan sanda na Davidwache yake, wanda yankin da yake kula da shi bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba, amma da wuya a sami ofishin 'yan sandan da ya kai shi suna a duk faɗin ƙasar.

Daga shekarun 1970 al'amura suka fara canzawa. Jiragen ruwa suka koma ɗaukar kaya a cikin kwantena, ana sauke su a cikin 'yan sa'o'i, matuƙa kuma ba su da lokacin shiga gari. Cinikin ya koma hannun ƙungiyoyin kawalai. Ɗaya ana kiranta GMBH, daga haruffan farko na sunayen shugabanninta huɗu, ɗayar kuma ta matasa ce da tsofaffin kawalai suka yi wa ba'a da sunan Nutella, wani abin shafa wa burodi da yara ke so. Da cutar ƙanjamau ta ɓulla a shekarun 1980 sai kasuwar ta faɗi, hodar iblis ta shigo, bindiga ta maye gurbin dambe. Lamarin ya kai intaha a ranar 29 ga watan Yulin 1986, lokacin da wani mai kisa don kuɗi, Werner Pinzner, wanda ake yi wa tambayoyi a hedkwatar 'yan sandan Hamburg, ya zaro bindigar da aka shigo masa da ita a ɓoye, ya harbe mai gabatar da ƙara Wolfgang Bistry, sannan ya kashe matarsa ya kashe kansa. Wannan ta'asa ta girgiza ƙasar baki ɗaya, kuma daga tarihin wannan zamani ne marubuta wasannin kwaikwayo suke ɗibar labaransu har ya zuwa yau.

Daga Derrick zuwa Luden

Masu kallon talabijin a ƙasashen Afirka da dama sun san wasan 'yan sandan Jamus ne ta hanyar Derrick, wanda tashar ZDF ta shirya daga 1974 zuwa 1998 a kashi 281, aka kuma sayar da shi ga ƙasashe kusan 100. Sufeto Derrick mutum ne natsattse, ba ya ɗaga murya, kuma laifukan da yake bincike galibi a gidajen masu hali na birnin Munich suke faruwa. A ƙarshen kowane kashi akan kama mai laifi, hankalin kowa ya kwanta.

Amma tun kafin wannan lokaci akwai wani salo dabam. A 1964 Jürgen Roland, wanda ya fara aiki a matsayin ɗan jarida, ya shirya fim ɗin Polizeirevier Davidswache game da aikin yau da kullum na 'yan sandan St. Pauli. Shi ne kuma ya ƙirƙiro Großstadtrevier, wanda tashar ARD ta fara nunawa a watan Disamban 1986, inda marigayi Jan Fedder, ɗan unguwar da ya tashi a cikinta, ya yi kusan shekaru 30 yana fitowa a matsayin ɗan sanda kafin rasuwarsa a 2019. A cikin jerin Tatort, wanda ake nunawa ranar Lahadi da dare tun 1970, an gabatar da wani jami'i mai suna Schimanski a 1981, mai zagi da dambe da shigar banza, abin da ya tayar da ƙura a lokacin, domin wasu na ganin ya zubar da mutuncin aikin ɗan sanda.

Bayan faɗuwar katangar Berlin a 1989 da buɗe iyakokin gabashin Turai, sai labaran suka ƙara muni, domin gaskiyar da ke ƙasa ita ma ta ƙara muni. A 2010 Dominik Graf ya gabatar da Im Angesicht des Verbrechens a kashi 10, wanda a cikinsa aka bi sawun wasu 'yan mata biyu daga wani ƙauye na Yukren da aka yaudara da alkawarin aiki a Berlin. A watan Disamban 2012 Tatort ya ware kashi biyu a jere ga labarin 'yan matan da aka yi lalata da su a wurin shagalin manyan mutane, aka jefar da su a juji. A watan Maris na 2023 kuma kamfanin Amazon ya fitar da Luden, wato Kawalai, wanda ya koma kan tarihin ƙungiyar Nutella da ɗaya daga cikin jagororinta, Klaus Barkowsky.

Wani abu da waɗannan wasanni suka yi tarayya a kansa shi ne bayyana dabarar da kawali ke bi. Da wuya ya fara da duka. Yakan fara ne da soyayya da kyauta da alkawarin aure, har sai yarinya ta rabu da danginta ta dogara da shi. Daga nan sai ya kawo maganar wani bashi da ya hau kansa, wanda ita kaɗai za ta iya taimaka masa ya biya, kuma na ɗan lokaci ne kawai. Idan ta so fita, sai a ce mata akwai kuɗin fansa da za ta biya. Ga wadda aka kawo daga wata ƙasa kuwa, akan karɓe fasfo, a ɗora mata kuɗin tafiya da na ɗaki da na abinci, a kuma tsoratar da ita cewa in ta je wurin 'yan sanda za a mayar da ita gida. Bashi da tsoro su ne igiyar, ba lalle sai an kulle ƙofa ba.

Sukar da ake yi a Jamus

Ba dukkan Jamusawa ne ke maraba da waɗannan wasanni ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin mata sun sha yin ƙorafi cewa ana ƙawata kawalai, a nuna su da manyan motoci da agogon zinariya tamkar jarumai, alhali matan da suka tara musu dukiyar ba a jin muryarsu sai kaɗan. An yi wa Luden irin wannan suka. Wasu kuma na cewa mai shirya wasa yana iya yin da'awar fallasa ɓarna, amma ya cika wasan da tsiraici domin jawo masu kallo, ta yadda shi ma ya shiga sahun masu cin riba da jikin mace. Daɗin daɗawa, a watan Janairun 2018 wasu 'yan wasa mata suka fito a mujallar jaridar Die Zeit suna zargin Dieter Wedel kansa da cin zarafinsu. Ya musanta zargin. A 2021 masu gabatar da ƙara a Munich suka tuhume shi da laifin fyaɗe, amma ya rasu a watan Yulin 2022 kafin a fara shari'ar.

Tsarin mulkin Jamus, a sashe na 5, ya hana gwamnati tace abin da za a wallafa ko a nuna tun kafin ya fita. Abin da doka ta tanada shi ne kare yara ta hanyar ƙayyade lokaci. Shirin da bai dace da wanda bai kai shekara 16 ba, ba a nuna shi a talabijin sai bayan ƙarfe 10 na dare, wanda kuma na manya ne zalla sai bayan ƙarfe 11.

Muhawarar da ta fi zafi ita ce ta dokar karuwancin kanta. A ranar 1 ga watan Janairun 2002 gwamnatin haɗin gwiwa ta jam'iyyun SPD da The Greens a ƙarƙashin Gerhard Schröder ta fara aiki da wata doka da ta ɗauki karuwanci a matsayin aikin da mai yin sa zai iya neman haƙƙinsa a kotu, ya kuma shiga tsarin inshorar lafiya da fansho. Manufar ita ce a raba matan da kawalai. Masu suka sun ce akasin haka aka samu, inda manyan gidajen karuwai suka bunƙasa, har mujallar Der Spiegel ta siffanta ƙasar baki ɗaya da gidan karuwai a bangonta a 2013. A watan Yulin 2017 aka kawo wata sabuwar doka da ta wajabta yin rajista da neman lasisin buɗe gida da amfani da kwaroron roba. Alƙaluman ofishin ƙididdiga na tarayya sun nuna cewa mutane kimanin 40,400 ne ke da rajista a ƙarshen 2019, adadin ya ragu zuwa wajen 30,600 a ƙarshen 2023, kuma waɗanda ke da takardar zama 'yan ƙasar Jamus a cikinsu ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Mafi yawa daga Romaniya da Bulgeriya suke. Waɗanda aka yi fataucinsu kuwa, musamman marasa takardun zama, ba sa cikin wannan lissafi. Shi ya sa a watan Nuwamban 2023 'yan majalisar dokoki na jam'iyyun CDU da CSU suka yi kira da a bi tafarkin Suwidin, wadda tun 1999 take hukunta namijin da ya biya kuɗi, ta ƙyale macen. Faransa ma ta bi wannan tafarki a 2016.

Hanyar da ta bi ta ƙofar gida

Mai karatu a Sakkwato ko Birnin Kebbi zai iya cewa wannan matsala ce ta Turawa. Sai dai duk wanda ya tsaya a bakin titi a garin Shagari, mahaifar tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari, ko a Boɗinga, yana tsaye ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Legas, ta bi ta Ilori da Jebba da Kwantagora da Yawuri da Jega da Tambuwal. Daga Boɗinga ta shiga Sakkwato, ta miƙe arewa zuwa Illela a kan iyaka. Ana tsallakawa sai Birnin Ƙwanni, daga nan sai Tawa, sai Agadas, ƙofar hamada. Wannan tana ɗaya daga cikin hanyoyin da masu safarar mutane ke bi da 'yan mata zuwa Libiya, baya ga waɗanda suka ratsa Kano da Katsina. Ba banza ba hukumar yaƙi da fataucin mutane ta Najeriya, NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, take da ofishin shiyya a Sakkwato.

Hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ba da rahoton cewa matan Najeriya da suka isa Italiya ta teku sun tashi daga kimanin 1,500 a 2014 zuwa sama da 11,000 a 2016, ta kuma ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 na iya kasancewa waɗanda aka yi fataucinsu domin karuwanci. A watan Nuwamban 2017 aka sauke gawarwakin 'yan mata 26 'yan Najeriya a tashar Salerno. Daga Italiya ne ake rarraba wasu zuwa Faransa da Ostiriya da Jamus. Mafi yawansu daga jihohin Edo da Delta suke, kuma akan ɗora wa kowace bashin da ya kai dubban Euro masu yawa, bayan an rantsar da ita a gaban boka cewa in ta gudu ko ta tona asiri bala'i zai faɗa wa danginta. Galibi ba namiji ne ke riƙe da ita ba, mace ce da ake kira madam, wadda ita ma ta wannan hanyar ta zo, ta biya nata bashin, sannan ta sayi wasu. Girman matsalar ya sa a watan Maris na 2018 Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya tara bokayen masarautarsa ya warware duk irin wannan rantsuwa, ya kuma tsine wa wanda ya sake ɗaura ta.

A watan Mayun 2015 jamhuriyar Nijar ta kafa dokar haramta safarar baƙin haure, bisa goyon bayan Tarayyar Turai, abin da ya sa direbobi suka koma bin ɓoyayyun hanyoyi masu haɗari. A watan Nuwamban 2023 gwamnatin soja ta Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar.

Su ma matan ƙasar Hausa ba su tsira daga haɗarin wannan hanya ba, ko da yake dalilan tafiyarsu sun bambanta. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutane 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, kusan dukkansu mata da yara, yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram. Ƙishirwa ce ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. A 'yan shekarun nan kuma hare-haren 'yan bindiga a Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo sun raba dubban mata da mazajensu da gonakinsu. Macen da ta rasa miji da muhalli, ga yara a hannu, ita ce wadda dillali mai alkawarin aikatau a wata ƙasa ya fi saurin samu.

Gidan magajiya da korar karuwai

Karuwanci a ƙasar Hausa yana da nasa tsari, wanda ya sha bamban da na St. Pauli. Akasari bazawara ce da ta gudu daga auren dole ko aka sake ta ba ta da wurin zuwa, sai ta sauka a gidan magajiya a wani gari inda ba a san ta ba. Magajiya ce ke ba da ɗaki, ta sasanta rigima, ta tsaya wa matan a gaban hukuma, kawalai da 'yan daudu kuma su yi dillanci. Da yawa daga cikin matan sukan sake yin aure su bar harkar. Masaniyar nan Renée Pittin, wadda ta yi bincike a Katsina a shekarun 1970, ta rubuta yadda mahukunta kan umarci mata masu zaman kansu da su yi aure ko su bar gari, musamman idan ruwan sama ya yi jinkiri. Sukan tafi, bayan ƙura ta lafa su dawo.

An sake ganin haka da girma bayan da gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoban 1999, jihar Sakkwato a ƙarƙashin Attahiru Bafarawa da wasu jihohi suka bi sahu a shekara ta 2000. An rufe gidajen magajiya da mashaya, mata da yawa suka tsallaka zuwa garuruwan kan iyaka na Nijar. A watan Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, masu bore a Maraɗi suka far wa mashaya da gidajen irin waɗannan mata. Abin lura a nan shi ne a kowane karo macen ce ake gani, ita ake kora. Mai gidan haya da dillali da mai zuwa da dare ba a cika jin labarinsu ba. Ko a shari'ar Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda ba ta karuwanci ba ce, an ga irin wannan. Kotun Gwadabawa ta yanke mata hukuncin jefewa a watan Oktoban 2001, aka sallami namijin da ta ambata saboda rashin shaidu, sai a watan Maris na 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a Sakkwato ta soke hukuncin. Wani yunƙuri na tunkarar tushen matsalar shi ne auren zawarawa da hukumar Hisba ta Kano ta fara ɗaurawa da tallafin gwamnati a 2012.

A nuna ko a suturta?

Tambayar da ke gaban masu shirya fina-finan Hausa ita ce ko irin wannan labari yana nunuwa a gaban jama'a. Hukumar tace fina-finai ta jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sha ba da amsa da hani. A 2007 an dakatar da shirya fim na tsawon watanni bayan ɓullar wani faifan bidiyo na wata 'yar wasa. A 2021 hukumar ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a cikin fina-finai, bisa hujjar cewa matasa na koyon dabarun laifi daga gare su. A watan Mayun 2025 ta dakatar da wasanni masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, saboda rashin gabatar da su domin tacewa. Shi dai Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya yi suna ne saboda taɓo batutuwa irin su shaye-shaye da almajirci da tsattsauran ra'ayi.

Masu goyon bayan hani suna da hujja mai ƙarfi. Aya ta 19 ta Suratun Nur ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu son alfasha ta yaɗu a tsakanin muminai, kuma suturta aibin Musulmi ginshiƙi ne a tarbiyyar addini. Babu mai musun cewa yawancin abin da ake nunawa a wasannin St. Pauli ba zai shiga falon Bahaushe ba. Amma a cikin wannan sura ɗin, a aya ta 33, an hana tilasta wa kuyangi yin karuwanci domin neman abin duniya, kuma malaman tafsiri sun danganta saukar ayar da Abdullahi bin Ubayyu, wanda ke cin kuɗin da kuyanginsa suka samo. Wato Alƙur'ani da kansa ya ambaci cinikin, ya ɗora laifin a wuyan mai tilastawa, ya kuma buɗe ƙofar gafara ga wadda aka tilasta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya zauna a Sifawa ta ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau kafin ya koma Sakkwato a 1815, shi ma bai yi shiru kan zaluncin da ake yi wa mata ba. A littafinsa Nurul Albab ya soki mazajen da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Bisa ga haka ana iya raba abu biyu da aka saba haɗawa. Nuna tsiraici daban, bayyana yadda ake ɗana tarko daban. Yarinyar da ta taɓa ganin yadda alkawarin aikin shago a Turai ko aikatau a Libiya ke rikiɗewa ya zama bashin da ba ya biyuwa, ta fi wadda ba ta taɓa ji ba damar gane dillali idan ya zo. Haka ma uban da za a nemi ya sa hannu, da direba da ɗan kamashon tasha da ke ganin 'yan mata biyar ko shida a hannun mace ɗaya, ba wadda ta san sunan garin da za ta.

An riga an gwada wannan a wasu wurare. A 2018 Sudabeh Mortezai ta shirya fim ɗin Joy a birnin Vienna, game da wata 'yar Najeriya da ta kusa gama biyan bashinta, aka ba ta sabuwar yarinya ta horar. A 2019 Kenneth Gyang, wanda ya fito daga jihar Filato kuma ya taɓa shirya fim da harshen Hausa, ya ba da umarnin Òlòtūré, labarin 'yar jaridar da ta yi shigar burtu ta shiga cikin masu fataucin mata a Legas, sannan a 2024 aka ci gaba da labarin a wani jerin da ya bi matafiyan ta cikin Nijar. Dukkansu labarai ne da aka faro daga kudu ko aka ƙare a Turai. Zangon tsakiya, wato daga Jega zuwa Shagari da Boɗinga da Illela da Ƙwanni, inda fasinja da direba da jami'in kan iyaka duk Hausa suke ji, shi ne wanda ya fi dacewa da masu shirya wasa na ƙasar Hausa, kuma ana iya ba da shi ba tare da an nuna abin da zai sa uba ya kashe talabijin a gaban 'ya'yansa ba.

A can Hamburg kuwa, unguwar St. Pauli ta zama wurin yawon buɗe ido, inda gidajen wasan kwaikwayo da otal-otal ke ture tsofaffin mashaya, kuma tun 2007 aka haramta ɗaukar makami a kan titin Reeperbahn. Wani kaso mai yawa na cinikin ya koma gidajen haya da shafukan intanet, inda 'yan sandan Davidwache ba sa gani daga tagarsu, kuma inda ya fi wuya ƙungiyoyin agaji su kai ga macen da aka karɓe wa fasfo.